Inobat Mai Bargo da Mesar 'Yarta

Duk amaryar da aka kai ɗakin miji daga unguwarmu a garin Margilon, in kin ɗaga bargonta kin duba ɗinkin baki, hannun Inobat za ki gani. Ni faccalarta ce, ƙanin mijinta nake aure, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, katangar ma da ƙofa a jikinta. Tun ranar da aka kawo ni nake ce mata opa, wato yaya, saboda ta girme ni, ita kuwa tun ranar take gyara mini zama. Ban taɓa dafa shinkafa ta ci ta yi shiru ba.

A wurin kakarta ta koyi ɗinkin bargon auduga. Da mijinta Ergash ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, da allurar nan ta ciyar da su ta kuma sa su makaranta, ba ta taɓa miƙa hannu gidan kowa ba, har gidana. Doguwa ce, busasshiya, ga gajen haƙuri. Kuma a duk duniya abokin gabarta ɗaya ne, sanyi. In kanki na ciwo, sanyi ne. In yaro ya faɗi jarrabawa, an bar shi ya zauna a kan siminti ne. In mijinki ya yi miki tsawa da safe, to bayansa ya sha iska. Maganin duka bargo ne. Butar shayinta da rigarta ta auduga, kwanon kwaɓin gurasa da tasa rigar, famfon tsakar gida da tasa rigar, har bishiyar rumman sai an naɗe ta kafin dusar ƙanƙara ta sauko.

Autarta Mohira ta tafi Samarkand ta karanta aikin likitan dabbobi. Mun zaci in ta dawo za ta riƙa duba mana tumaki kyauta. Sai ga ta da akwatin gilashi a bayan mota, a ciki wata 'yar mesa mai zanen ruwan ƙasa da baƙi, kaurinta kamar muciya, ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya.

"Mene ne wannan?" in ji Inobat.

"Oyi, sunanta Kulcha," in ji Mohira. Haka 'ya'yanmu ke kiran uwa, kulcha kuwa 'yar gurasar nan ce zagayayya da ake gasa wa yara. "Ba ta da dafi, ba ta cizo. Asalinta daga ƙasashen zafi ne, can Afirka."

"To me ta yi miki da kika rabo ta da ƙasarsu? 'Ya'yan mutane suna dawowa daga karatu da miji, ke kin dawo mini da igiya mai numfashi."

Mijin ma bai daɗe ba ya zo. Wani yaro ne mai kunya daga Namangan, tare suka yi karatu. Uwarsa mace ce mai kirki, ta yarda da komai, ta yarda Mohira ta ci gaba da aiki, ta yarda da ranar da muka sa bayan an gama tsinkar auduga. Amma da aka zo kan akwatin gilashi sai ta ce ita hawan jini gare ta, ko mesa ko ita a gidan. Ranar da za a tafi da amarya, Mohira ta yi kuka a kafaɗar uwarta yadda aka saba, sannan ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban akwatin ta yi na gaske.

Ta nuna wa uwar wani siririn faifan roba mai waya da ke ƙarƙashin akwatin. In an jona shi da lantarki yana ɗumi, kuma wannan ɗumin ne ran Kulcha. Ta ce in sanyi ya kama ta, ƙirji zai toshe, ta daina ci, shi ke nan.

"Tashi ki share fuskarki, kwalliyar mutane tana zuba," in ji Inobat. "Yadda kika bar ta haka za ki same ta."

Wanda bai san Inobat ba zai ɗauka maganar lallashi ce. Ni na san ta. Ba ta taɓa cewa bargo zai fito ranar Laraba ya fito Alhamis ba. Ga shi kuma gidan da ya saba da hayaniyar mata huɗu ya koma ita kaɗai, abin da autar ta bari a hannunta kuma shi ne wannan halitta. Tsoronta take ji, ƙyamarta take yi, amma da ta mutu a hannunta gara a ce ita ce ta kwanta ciwo.

Watannin farko ba a sha wahala ba, in ban da abinci. Ɓeraye take ci, daskararru, mijina ke sayo su wurin wani mutum a Fargana. Inobat ta ware musu gefe a firji, nesa da kitsen rago, ta naɗe ledar da ƙyalle don kar ta gan su. Da dogon awartakin murhu take miƙa wa Kulcha, fuskarta na kallon bango, bakinta na neman tsari.

Sai sanyi ya zo da ƙarfinsa. Shekarar nan ruwa ya daskare a cikin famfo duk da rigarsa. Gas ya yi ƙasa har harshen wutar bai fi farce ba, lantarki kuwa ya koma baƙo, ya leƙo da safe ya tafi, wani lokaci sai washegari. Faifan roba ya zama faifan banza. Inobat ba ta tsaya tambayar kowa ba, don a ganinta an shigo fagenta. Ta sauko da barguna daga kan akwatin kayan ɗaki, masu nauyi, na yadin siliki da muke kira atlas, irin waɗanda ba a shimfiɗa wa kowa sai surukai. Ta naɗe akwatin gilashin ta ko'ina, ta bar 'yar kafar iska, ta ja baya ta dubi aikinta.

"Ko jaririn wata bakwai aka sa a nan sai ya yi gumi," ta ce mini.

Ni ma na yarda. Wace ce a cikinmu za ta ce ba haka ba? Da haka aka rene mu, da haka muka reni namu.

Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta kan katanga, muryarta ba yadda na saba ji ba. Na shiga na tarar ta yaye bargunan. Kulcha ta miƙe sambal a jikin gilashi, ta ɗaga kai sama, baki a ɗan buɗe, in ta ja numfashi sai ki ji wani siririn fito. Na daure na sa ɗan yatsa na taɓa ta. Ƙarfen ƙofar waje bai fi ta sanyi ba.

Muka kira Mohira a waya. Ta saurara, ta yi tambayoyinta, sannan ta ce, "Oyi, bargo ba ya kawo ɗumi. Ɗumin jikin mutum yake tsarewa kar ya gudu. Ita kuwa jikinta ba ya yin ɗumi ko kaɗan, daga waje take samu. Ko barguna ɗari kika lulluɓa mata, sanyin kika rufe tare da ita."

Na ga wuyan Inobat ya yi ja.

"Wato ni da na tsufa a kan auduga ban san bargo ba."

"Ba haka na ce ba, Oyi."

"Haka kika ce. Gai da surukarki."

Ta kashe wayar. Ta shiga madafa ta ɗauko ludayin ƙarfe, ta cusa shi tsakiyar bargon da ya fi kowanne kauri, ta zauna a gefe ta harɗe hannuwa. Muka sha shayi buta guda. Muka sha ta biyu. Da azahar ta yi sai ta zura hannu ta zaro ludayin, ta ɗora shi a kumatunta. Na ga fuskarta ta faɗi, har ta ba ni tausayi, ni da na yi shekaru ina jiran ranar da za ta yi kuskure a gabana.

"Sharofat," ta kira ni, ta ce, "kama mini kafet ɗin nan."

Muka naɗe kafet ɗin tsakar ɗaki, muka ɗaga katakon da ke ƙasa. Ramin sandali, wato ramin garwashin da ake ɗora wa tebur a zauna a ɗumama ƙafafu, yana nan yadda aka bar shi tun rasuwar Ergash, lokacin da aka ja mana gas kowa ya ga ya waye. Ta sa mijina ya sauko da gajeren teburin daga rufin ɗaki. Ta hura rassan inabi da gawayi a tsakar gida, ta jira har hayaƙi ya ƙare tas garwashi ya yi ja, don wanda ya shigo da ɗanyen garwashi ɗaki ba ya tashi da kansa. Ta kwaso a shebur ta zuba a ramin, ta barbaɗa toka a kai, aka ɗora teburin, aka rufe shi da babban bargo har ƙasa ta kowane gefe. Ina zura ƙafafuna ciki na ji ƙuruciyata ta dawo.

Akwatin gilashin ba zai shiga ƙarƙashi ba, sai ta zazzage wani dogon akwatin katako da take ajiye zare, mijina ya huda masa ramuka ya sa masa murfin raga. Shi ya juye Kulcha a ciki, mu muna bakin ƙofa muna ba shi umarni. Inobat ta tura akwatin gaba ɗaya ƙarƙashin teburin, ta sauke bargo.

Ba a jima ba muka ji ƙwanƙwasa. Na ɗaga bargon na leƙa. Mesar da ɗazu ko motsi ba ta iya yi, yanzu zagaye take yi kamar an zuba mata barkono, tana dukan raga da hanci.

"Kin gani, ta warke," in ji Inobat.

"Opa, wannan ba warkewa ba ce, gasuwa ce. Da man shanu kika shafa mata da yanzu mun kira baƙi."

Wannan karon ni na kira Mohira, don uwar ta ce ita ba ta magana da likitoci. Yarinyar ta kusa fasa mini kunne. Ta ce a fito da ita yanzu yanzu. Ta ce dole akwatin ya zama gefe ɗaya ɗumi gefe ɗaya sanyi-sanyi, ita Kulcha ta san lokacin da za ta matsa nan ko can, kuma a ajiye mata kwanon ruwa don kar iskar ta bushe. Inobat tana gefe tana yi kamar ba ta ji, amma kafin in ajiye wayar ta ja akwatin rabi waje. Da yamma ta tsaga babban bargon daidai faɗin akwatin, ta kalmashe bakin tsagar da jan zare, yadda rabi zai zauna a ciki rabi a waje ba tare da ɗumi ya tsere ba.

Saura a wane gefe za a ajiye shi. Gefen ƙofa iska na shigowa. Gefen taga ma haka. Gefe na uku nan take zama da ɗinkinta saboda haske. Wanda ya rage shi ne na can ciki, nesa da ƙofa, wurin da ake zaunar da babban baƙo, wurin da ni a shekarun da na yi a gidan nan ko da wasa ban taɓa zama ba. Nan aka kai Kulcha.

A hankali fiton ƙirjin ya ragu, har ya ɗauke. Da safe sai ki gan ta a ɓangaren ciki, da rana ta sulalo waje ta ɗora haɓa a bakin kwanon ruwa. Amma ta ƙi cin abinci, kuma Mohira ta ce sai ranar da ta ci za a ce an tsallake.

Ana cikin haka zagayen zaman matan unguwa ya faɗo kan Inobat. Duk wata muna taruwa gidan ɗaya daga cikinmu, a ci a sha a yi gulma. Na ce mata ta kai akwatin gidana na yini ɗaya. Ta ce gidana ko mutum ba ya jin ɗumi balle mesa. Matan suka shigo suna murna da ganin sandali, ana ta tuna da. Kunduz-hola, wato Gwaggo Kunduz, wadda ta girmi kowa a unguwar, ta dogara sandarta ta nufi gefen ciki yadda ta saba a kowane gida. Ta tarar da akwati. Ta sunkuya ta leƙa ta raga, Kulcha ta fito da harshe ta gaishe ta.

Ban taɓa sanin tsohuwar nan tana iya tsalle ba. Mata biyu suka fice ba takalmi. Da aka natsu, Kunduz-hola ta zauna a gefen taga tana haki ta ce, "Inobat, macijin gida ba a kashe shi, wannan kowa ya sani. Gari ake barbaɗa masa a ka, a ba shi haƙuri, ya kama gabansa. Kawo gari."

"Hola, in ta kama gabanta ina za ta? Afirka? A wannan dusar?"

"To ni ce zan zauna a bakin taga, igiya tana wurin manya?"

"Ke in kin ji sanyi kina da bakin faɗa, kuma ga bargo na ninka miki biyu. Ita ba ta da ko ɗaya."

Kunduz-hola ta ci shinkafarta tas, ta sha shayi, ta yi addu'a, amma ƙafafunta ba su shiga ƙarƙashin teburin ba. Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, har da ƙari. Wata mai shirin aurar da 'ya ta aiko aka karɓe audugarta, wai kar a ɗinka wa amarya bargo a ɗakin maciji. Inobat ta auna mata abinta ta ba ta, ta ce a gaya mata ta kai wa masu keken ɗinki su yi mata, in ya dunƙule kafin shekara kar ta zo nan.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne ta daina zuwa sha'ani. Garwashin sandali safe da yamma ake sabunta shi, in an makara ramin ya huce, ita kuwa ba ta yarda kowa ya auna mata toka ba. An yi bikin jikan ƙawarta, ta leƙa ta ajiye gudummawa ta juyo kafin a raba shinkafa. An yi suna a dangin mazajenmu a Kuva, ni aka bari ina ƙirƙiro mata ciwon baya. Kullum kuma cikin mita take.

"Ranar da yarinyar nan ta zo, a mota zan jefa mata akwatin nan tun kafin ta cire takalmi. Na gaji. Ni da ban yi wa miji bauta haka ba."

Amma ina jin ta ta katanga. Tana ɗinki tana magana, ba da ni ba. Tana ba Kulcha labarin tsadar auduga, da halin surukan babbar 'yarta, da yadda nake cika wa miya gishiri. Ta daina kawar da kai in za ta miƙa ɓera. Sai ta ɗumama shi a ruwa, ta riƙa kaɗa shi a bakin raga tana cewa, "Haba 'yar nan, ko ɗan kaɗan." Kulcha ta shinshina ta juya kai, ita kuma ta wuni ba ta da walwala.

Wajen ƙarshen sanyi idanun mesar suka yi fari-fari kamar na tsoho mai yanar ido, jikinta ya dushe. Inobat ta shigo gidana ba ko sallama, ta ce ta makantar da 'yar mutane da hayaƙi. Ranar na ga hawayenta, abin da ban gani ba tun zaman makokin Ergash. Mohira ta yi dariya a waya ta ce saɓa za ta yi, a ƙara ruwa a kwano kawai. Bayan kwanaki muka tarar da tsohuwar fatar a gefe, ta fita ɗungurungum, Kulcha tana sheƙi. Inobat ta miƙa ɓera, kafin ta gama cewa haba sai awartakin ya yi girgiza a hannunta, Kulcha ta cafke ɓeran. Washegari ta dafa babbar tukunyar shinkafa da naman rago ta rarraba wa maƙwabta, har gidan Kunduz-hola, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Mohira da mijinta sun zo da bikin Navruz na shigowar sabuwar shekara, lokacin da itatuwa suka fara fure. Ta yi ƙiba, ta yi kyau. Ta buɗe akwatin ta ɗauko Kulcha ta juya ta ta duba baki ta duba ciki, sannan ta rungume uwarta da mesar a tsakaninsu, uwar kuma ba ta ja baya ba. A wurin cin abinci mijin ya ba da labari cikin jin kunya. Dukansu biyu sun sami aiki a Tashkent, sun kama gida a bene, irin mai bututun ruwan zafi a bango, ɗumi har sai an buɗe taga.

"Kin huta, Oyi," in ji Mohira. "Yau za mu tafi da ita. Sai ki je bikinki ki dawo lokacin da kika ga dama."

"Alhamdu lillahi," in ji Inobat. Ta tashi ta ce bari ta duba shayi, alhali buta na gabanta a cike.

Ba ta jefa akwatin a mota ba. Ita ta ɗauko shi da kanta, ta hana surukin ya karɓa, ta zaunar da shi a kujerar baya. Ta cika kwalba da ruwan zafi ta naɗe a tawul ta sa a gefe ɗaya. Ta tsaya a bakin taga tana gaya wa likitar dabbobi cewa Kulcha ba ta son a kaɗa mata ɓera da sauri, kuma ba ta son a yi shiru a ɗaki. Mohira ta ce to, Oyi, to. Motar ta tashi, muka watsa ruwa a bayanta yadda ake yi wa matafiyi, kowa ya shiga gidansa.

Washegari da hantsi na ji ƙamshin hayaƙi ta kan katanga. Rana ta fito sosai, ni ko rigar sanyi ban sa ba. Na leƙa na gan ta a tsakar gida, ta tsuguna tana fifita garwashi, shebur na gefenta.

"Opa, wa za ki ɗumama?"

Ta dubi garwashin, ta dube ni, mafici a hannunta.

"Na riga na hura," ta ce. "Shigo ki zauna, kar ya tafi a banza."

Na shiga na zura ƙafafuna. Har azahar ina zaune gumi na bin bayana, tana ɗinkinta, ban ce mata zafi nake ji ba.